Ranar da Gimbiya Ta Yi Tafiyar Ƙasa

Tun farkon makon nan sanyi ya sauko Garwa. Ba mai yawa ba ne, irin wanda ke sa mutum ya nemi ruwan ɗumi don alwalar asuba, hantsi na yi kuma ya manta da shi. Jiya na bi ta garejinmu na tarar da Bashir, ɗan yayana da ke riƙe da sana'ar yanzu, yana duba waya yana raba wa direbobi aiki: wannan Gider, wancan Yagwa, biyu Kaele. Motoci shida, duk farare, kowace an ɗaura mata jan ƙyalle a goshi. Saura kwana huɗu Kirsimeti, ko Nowel kamar yadda muke cewa a nan. Na tsaya ina kallonsu, sai na tuna shekarar da Nowel ta faɗo cikin watan azumi, fiye da shekara ashirin ke nan.

A lokacin mota ɗaya muke da ita. Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, shi ya sayo ta a Yawunde, tsohuwar hannu. Baƙa ce, doguwa, mai ƙofa shida da labule a kowace taga. Mutanen unguwa suka sa mata Gimbiya. Ita ke ɗaukar amare, ita ke tarbo alhazai daga filin jirgi, in kuma Disamba ta zo sai ta koma ta Kiristocin da ke aiki a Garwa, masu son shiga ƙauyukansu a ga sun zo. Ni ne direbanta. Ina da shekara talatin da 'yan kai, da mata da 'ya'ya biyu.

Kawu yana da dokoki, kuma ba ya maimaita su. Gilashi a rufe. Direba ba ya magana sai an yi masa. Ba mai taɓa jikin mota in ba da tsumma ba. Babbarsu kuwa: ka kai mutum kafin lokaci.

"Abin da muke sayarwa ke nan," in ji shi. "Taya huɗu kowa na da ita. Mu kafin lokaci muke sayarwa."

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta gama cika ido ba, a kasuwa masu awo suka fara shafe bakin kwano da yatsa. A gidanmu matata Hajara ta rage gyaɗar kunu, ƙosan buɗa baki ya koma na ƙirge, kifi kuwa sai ranar Juma'a. Ga kuma ƙarancin mai. Kwalaben zuwa-zuwa, man nan da ake shigowa da shi ta kan iyaka ana jerawa a bakin titi, suka ɓace kamar an share. In ka ga layi a gidan mai, ka shiga tukuna, sannan ka tambayi ko akwai. Kawu ya yanko sandar darbejiya ya yi mata tsage-tsage, da ita yake auna tankin Gimbiya safe da yamma, don ya ce allurar da ke gaban direba maƙaryaciya ce.

Ana saura mako guda Nowel, Mesiye Filip ya zo gareji. Akawu ne a kamfanin auduga, ɗan kabilar Mundang, mutum mai tsabta da sanyin murya. Mun sha kai shi biki, amma wannan karon ba don kansa ya zo ba.

"Alhaji, tsohuwata ce," ya ce wa Kawu. "Ƙafafunta sun ƙi tun damina. Cocin ƙauyenmu kuma da nisa, ya kai kilomita biyar. Tun da aka haife ni ba ta taɓa fashin Nowel ba. Ina so a kai ta, ta zauna kamar matar gwamna."

Kawu ya dubi sandarsa, ya dubi Filip, ya amsa. Ya zuba mai daidai zuwa Kaele, garin da ke kusa da ƙauyen, daidai shiga ƙauye da fita, daidai dawowa, ya ƙara rabin tsage don tsautsayi. Ya tuna mini cewa washegarin Nowel akwai amarya a Garwa da la'asar.

Jajiberin Nowel muka wanke mota da sassafe, ni da Kawu da kansa, shi yana gogewa ni ina zuba ruwa, hannuwanmu sun ƙage don sanyi. Hajara ta goge mini farar riga da safar hannu, ta ƙulle mini dabino bakwai a takarda. Muka ɗauki Filip da buhun shinkafa da turmin atamfa, muka kama hanya.

Ban manta hanyar ba a wannan wata. Bayan Pitowa ciyawa ta bushe ta yi ruwan zuma. A kowane ƙauye auduga ce tsibi-tsibi a fili, fara sol, ana jiran manyan motoci. Daga Figil zuwa mararrabar Magada motocin haya cike suke har sama: akuyoyi ɗaure, kujerun roba, katifu, mutane na komawa gida. Da muka karkata wajen Kaele sai ga masakwa, dawar nan ta rani, kore shar a kan baƙar ƙasa mai tsagewa, ita kaɗai ce ba ta san an yi fari ba. Na sauke Filip a tasha ya hau babur zuwa ƙauyensu, don kada a ga motar kafin ranarta. Ni kuma na sauka gidan wani ɗan'uwanmu mai shagon yadi a cikin gari, na sha ruwa a can.

Da gari ya waye na shiga ƙauyen wajen ƙarfe bakwai. An share ko'ina. An yi wa ɗakuna sabon yaɓe, an aske wa yara kai, hayaƙi na tashi daga kowane gida. Ƙamshin burkutu da ke dahuwa ya haɗu da na gashin akuya da aka babbake. A ƙofar wani gida na ga wani Bafulatani tsugune yana wanke wuƙa. Shi suke kira ya yi musu yanka kowace shekara, don maƙwabtansu Musulmi su ci naman. Can gindin wani babban gawo mata sun fara taruwa, zane iri ɗaya, kowace da ƙwarya a ka. Ban kula da su sosai ba. Hankalina na kan hanya, kada kara ya karci mota.

Filip da wani ƙanensa suka fito da tsohuwar a kan kujera. Dada Marta. Ƙarama ce, fuska a tattare, idanu masu kaifi, sanye da zane irin na matan can. Ita ma tana riƙe da 'yar ƙwarya ta jar dawa a cinya. Na buɗe ƙofa na rusuna. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin yarensu, sai muka haɗu a Fulatanci kamar kowa a ƙasar nan.

"Jam na, Dada?"

"Jam, ɗana. Wannan duk mota ɗaya ce, ko biyu aka haɗa?"

"Ɗaya ce, Dada."

"To Allah Ya ba ta haƙuri da ni."

Aka zaunar da ita. Na ja labule, na rufe ƙofa, na ɗaga gilashi. Filip ya zauna gefenta ya ce, "Malam Sani, mu je tun rana ba ta yi zafi ba." Na bi ta gaban gawon nan a hankali don kada in watsa wa matan ƙasa, ina wucewa na taka. Na ji tsohuwar ta yi magana da ƙarfi da yarensu, na ji Filip yana lallashi. Ta sake magana. Ya sake lallashi. Ba da ni ake ba, don haka ban waiwaya ba. Minti goma sha biyu muka yi. Na duba agogo na ji daɗi.

Cocin ginin ƙasa ne da rufin kwano, a jikin wata bishiya an rataye tsohon ƙarfen tayar babbar mota a matsayin ƙararrawa. Babu kowa sai wani dattijo yana jera bencina. Na zagayo na buɗe ƙofa. Dada Marta ba ta motsa ba.

"Mama, mun iso," in ji Filip.

Ba ta dube shi ba. Ni ta duba.

"Ɗana, azumi kake yi?"

"E, Dada."

"In wani ya ɗauke ka daga cin sahur ya ajiye ka a bakin magariba, ya ce ga ruwa sha, ka yi azumi?"

Dattijon nan mai bencina, wanda ya matso ya gaishe ta, shi ya fayyace mini. Ranar Nowel matan ƙauyen ba zuwa coci kawai suke yi ba. Daga gindin gawo suke tasowa a ƙafa, da baikon hatsin da za su miƙa a coci a ka, suna waƙa, kowane gida suka wuce matansa su fito su shiga sahu. Ba a fara sujada sai sun shigo da waƙar. Kuma mai ɗaga waƙar farko, tun kafin a yi wa cocin rufin kwano, Dada Marta ce. Ita ke bayarwa, su amsa. Da aka ce mata ɗanta zai kawo mota, ta ɗauka motar za ta maye mata ƙafafu ne, ta tafi da ita cikin 'yan'uwanta.

Filip ya cire tabarau ya goge. "Ina da shekara tara aka kai ni makaranta," ya ce a hankali, kamar ni yake ba haƙuri. "Mu maza gaba muke yi. Na ɗauka tafiyar wahala ce kawai."

"Wahala ce mana," in ji uwarsa. "Wa ya ce maka ba wahala ba ce? Ku mayar da ni."

Ya dube ni. Ni kuma sandar Kawu nake gani a idona. Komawa da sake dawowa, a tafiyar da ba ta wuce ta ƙafa ba, zai cinye rabin tsagen nan har ya shiga cikin na hanya. Abin da na ji tsoro kuwa ya faru: washegari mai ya ƙare mini kafin Pitowa, amaryar Garwa ta tafi gidanta a motar wani, Kawu ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwata. Amma a safiyar nan abin da ke gabana tsohuwa ce da ƙwarya a cinya, ta kafe idonta a bayan kujera. Dattijon ya ce ƙararrawa uku ake bugawa, ta ukun ita ce ta shiga, kuma yanzu zai buga ta farko.

Na rufe ƙofa na juya mota.

Mun same su sun yi kamar kilomita ɗaya daga ƙauye. Sun kai arba'in. Suna tafe a jere a gefen gonar auduga da aka tsince, kuma shiru. Ba waƙa, ba hira, sai ƙarar silifa. Wannan shirun ya fi komai tsaya mini a rai. A gabansu akwai wata doguwar mace mai suna Rebeka, wadda daga baya na ji ita ce mai bi wa Dada a waƙa. Ta san kowane baiti, amma ta ƙi ɗagawa.

Na shiga gona na juyo, kara na karce gefen Gimbiya ina ji. Na sauke gilasai duka. Dada ta kama labule ta ce, "Cire wannan, ba gawa kuka ɗauko ba." Na cire su na ninke.

Rebeka ta leƙo ta taga, ta tsokane ta da Fulatanci. "An ce kin zama matar gwamna, kin bar talakawa."

"Na je na gani, ba kowa a gidan gwamnan. Matsa, kina tare mini iska."

Matan suka fashe da dariya. Tsohuwar ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta ɗaga. Muryar ba ta da ƙarfi, tana rawa a farko, siririya kamar zare. Amma da arba'in ɗin nan suka amsa, sai da na ji sitiyari na motsi a hannuna. Ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba.

"Sese-sese, ɗana," ta ce mini tsakanin baiti da baiti. A hankali.

Ba a ƙera Gimbiya don a hankali ba. Giya ta ɗaya ma ta yi mata sauri, sai da na riƙa taka kuloci ina saki, ina taka ina saki, har cinyata ta hagu ta fara rawa. Mata a dama, mata a hagu, wasu a gaba suna waiwayowa su ga ko na matso. Kowane rukunin gidaje muka zo, sai ka ga biyu ko uku sun fito da gudu suna gyara ɗankwali. Na lura da ƙoren da ke kansu. Wasu rabi, wasu hatsin bai rufe gindin ƙwarya ba. Wata ta ɗora gyaɗa tafi guda a kan ganye. Ba wadda ta ɓoye tata.

Sanyin safiya ya tafi. Wajen ƙarfe tara rana ta fara duka rufin baƙar mota, ciki ya zama tanda, farar rigata ta manne a bayana. Allurar zafin inji ta fara hawa. Na yi kamar ban gani ba har sai da tururi ya fito ta ƙarƙashin murfi. Na tsaya.

"Me ya same ta?" in ji Rebeka.

"Ƙishi," na ce.

Nan da nan aka miƙo goruna da buta. Na jira ya ɗan huce, na buɗe lagireto da tsumma, na riƙa zubawa. Ruwan randa ne, mai sanyi, mai ƙamshin ƙasa. Ina jin ƙararsa yana sauka cikin ƙarfe, maƙogwarona na motsi da kansa. Wata yarinyar mace ta miƙo mini ragowar gora, wata babba ta buge mata hannu.

"Ke ba ki da ido? Azumi yake yi."

"To motar fa?"

"Motar tamu ce yau, ta shiga Nowel."

Sau biyu muka yi haka. A tsayawa ta biyu muka ji ƙararrawa ta biyu daga nesa. Dada ba ta daina waƙa ba ko da muna tsaye, sai dai na ji muryar ta fara dushewa, tana tsallake wasu wurare Rebeka na cike mata. Filip ya fita tun tuni, ya cire kwat, yana tafe a gefen tagar uwarsa da takalmansa masu ƙyalli sun yi fari fat. Na ga bakinsa na motsi. Ashe bai manta amshin ba.

Muna hango rufin coci, saura abin da bai fi taku ɗari uku ba, inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Na murza, ya ƙi. Na san halinta: in ta yi irin wannan zafi, sai ta huta rabin sa'a. Can gaba ina ganin dattijon nan tsaye a gindin bishiya da guntun ƙarfe a hannu, maza cike da ƙofar coci suna kallonmu. Waƙa ta tsaya.

"Ɗana?" in ji Dada.

"Ta gaji, Dada. Sai ta huce."

Filip ya ce zai goya ta. Ta ce in ya kuskura. Ba za ta ba da waƙa daga bayan mutum kamar jaririya ba.

Rebeka ta sauke ƙwaryarta ta ɗora a kan rufin mota. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna fenti, na tuna Kawu da tsummansa, sai na rufe. Ta biyu ta ɗora tata, ta uku ma. Kafin ka ce me, rufin Gimbiya da murfin but sun cika da ƙore.

"Shofer, sake mata ƙafa," in ji Rebeka, wato ni direba in saki birki. "Ka riƙe kanta kawai. Mu da muke tura amalanken auduga?"

Na sa ta a firi. Hannuwa suka sauka a jikinta ta ko'ina, masu gumi, masu kaushin tsinkar auduga. Motar ta motsa. Ba ƙarar inji, sai tayoyi na murƙushe tsakuwa. A cikin wannan shirun Dada Marta ta sake ɗagawa, kuma a karon farko tun safe kowa ya ji ta sarai, har mazan da ke ƙofa. Dattijon ya ɗaga ƙarfensa ya riƙe a sama, bai buga ba. Yana jira.

Da muka zo bakin fili ta taɓa kafaɗata.

"Nan."

Na ja birki. Na fito, na gyara safar hannuna da ta yi baƙi da tsatsar lagireto, na buɗe mata ƙofa na rusuna kamar yadda aka koya mini. Mata suka ɗauki ƙorensu suka koma sahu. Rebeka ta kama Dada ta dama, Filip ta hagu, suka tsayar da ita. Ta ce a ɗora mata ƙwaryarta a ka. Aka ɗora. Ta tsaya tana numfashi, ƙafafunta na karkarwa a cikin sababbin silifa, sannan ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Useko, na gode, ɗana. Ka iya tuƙi. Da safe ne ba ka iya ba."

Taku goma sha tara ne daga ƙofar mota zuwa ƙofar coci. Na ƙirga, don ba ni da abin yi sai kallo. Ta yi su ɗaya bayan ɗaya, tana jan ta hagu, matan na biye da ita ba wadda ta wuce. A taku na ƙarshe dattijon ya sauke ƙarfensa a kan ƙararrawa, ta sunkuyar da kai don kada ƙwaryar ta bugi dokin ƙofa, ta shiga da waƙarta.